Direban Dagenham a Tashar Bas ta Lyon

Davou Pam ba ya tambayar hanya. Bai taɓa ɓoye wannan hali ba. Ko a harabar coci, in hira ta biyo ta kai, da bakinsa yake faɗa yana dariya. Mutumin Vom ne. Ya zo Landan da sauran ƙuruciyarsa, ya yi wanke-wanke a otel, ya yi gadi, daga baya ya samu tuƙin jar bas mai hawa biyu, kuma a kan wannan kujera ya tsufa. Daga Dagenham zuwa Barking har Stratford babu lungun da bai sani ba. Shi ake tambaya hanya, bai ga dalilin da zai sa a juya abin ba.

Matarsa Scholastica 'yar Shendam ce, ba mai yawan roƙo ba. Da ya yi ritaya abu ɗaya ta nema: ya raka ta Faransa ta ga Sista Odile, Bafaransiyar da ta riƙe ta a makarantar mishan bayan rasuwar uwarta. Sista ta haura casa'in, tana gidan tsofaffi a gefen birnin Lyon, kuma an aiko cewa jiki ya yi nisa, mai son ganinta kada ya ja lokaci. 'Yarsu Tina ta yankar musu tikiti ta kama musu masauki, ta ce bari ta sa wa babanta taswira a waya. Ya ƙi. Ya dubi taswirar sau ɗaya a kwamfuta, ya ce ta zauna a kansa.

Ta kuwa zauna ɗin. Daga tashar jirgin ƙasa ya kai su masauki ba kuskure. Washegari da safe ya zagaya da ita tsohon gari, lunguna masu daɓen dutse da gidajen da suka girmi kakannin kakanninsu. Suka hau ɗan jirgin da igiya ke ja zuwa babbar majami'ar kan tudu, suka hango koguna biyu da suka ratsa birnin. Ya yaba tsabtar taragon da ke bin tsakiyar titi, ya kushe yadda direbobi ke taka birki. Ita dai tana rungume da ƙullin accar da ta kawo wa Sista, don ta tuna yadda take son gwate. Baƙi da yamma kawai ake bari su shiga gidan tsofaffin, kafin a kai tsofaffi cin abinci, kuma washegari da safe jirginsu zai koma.

A tashar bas ne abin ya faru. Davou ya san lambar motar, ya san arewa za su yi. Sai ƙafarsa ta kai shi gefen hagu na titi, inda mai zuwa arewa zai tsaya a Landan. A Faransa kuwa dama ake bi. Bas ta zo suka shiga, tana tashi ya ga rana ta koma ɗaya kafaɗar. Nan take ya gane. Sauka ɗaya da tsallaka titi da sun gyara komai. Amma ya ce mata ai zagayawa motar take yi, akwai irinsu a Landan.

Scholastica ta dubi kogi yana komawa bayansu. Ta ce masa ko a Jos dama ake bi, in ya manta. Ya ce ya san aikinsa. Gidaje suka yi ta raguwa, fasinjoji suka yi ta sauka, har ya rage su biyu. A ƙarshen layi direban ya kashe inji, ya ɗago ido ya dube su ta madubi. Davou ya san wannan kallo; shekara da shekaru yana yi wa waɗanda barci ya kwashe.

"Baban Tina," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa, "in matar nan ta mutu ban gan ta ba, ba zan yi maka faɗa ba. Amma zan tuna."

Ya miƙe, ya karɓi wayarta mai adireshin, ya je ya miƙa wa direban. Bai ce uffan ba, don haka har gobe yana cewa bai tambaya ba. Direban ya duba, ya nuna musu kujera da hannu: su zauna, motar nan ce za ta koma.

Sun isa an riga an tura Sista a keken guragu zuwa ɗakin cin abinci. Wata ma'aikaciya ta ga ƙullin da fuskar Scholastica, ta bar su suka tsaya a bakin ƙofa. Tsohuwar ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce da Hausarta ta Shendam, "Scholastica, har yanzu kina makara?"

"Direba na aura, Sista."

Suka riƙe hannun juna ɗan lokaci, aka ce miya na hucewa. Iyakar ziyarar ke nan. Sista ta rasu kafin Kirsimeti.

Davou bai canja ba, ba kuma zai canja ba. Yana nan Dagenham, yana hawa bas kyauta da katin tsofaffi yana kushe matasan direbobi. Sai dai ranar da aka yi addu'ar tunawa da Sista a gidansu, bayan an ci abinci, ya dubi matarsa da 'yarsa da mutanen coci ya ce, "Ina roƙonku abu ɗaya. In kun ga na doshi inda ba nan ba, ku kama rigata ku faɗa mini. Kada ku jira in tambaya, don ba zan tambaya ba."