Baba Haruna da salansar da ta ƙi fita

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe na ɗaga ƙafa zan buga mashin, waya ta shigo: Baba Haruna bakanike ya rasu.

Na daɗe zaune ban tada mashin ɗin ba.

Salansa ce ta haɗa ni da tsohon nan. Tawa ta fashe, ina ta lallaɓawa da ita tsakanin Bungudu da Gusau. Rannan a tsakiyar kasuwar Rawayya ta saki "tau! tau!" Kun dai san halin da muke ciki. Mai ƙosai ta bar kasko, awaki suka tsinke igiya, ni kaina na yar da mashin na faɗa gonar gero. Sai da numfashi ya dawo na tuna ni ne ɗan bindigar.

Na sayo sabuwa, tsohuwar ta ce ba inda za ta. Tsatsa ta cinye notunan, bakinta ya manne da injin. Na narka mata guduma har ta lotsa, sannan na kai wa Baba shagonsa a Gusau, ranar wata Juma'a.

Ya dube ta, ya dube ni. "Malam, wa ya dake ta?"

Ya shafa inda ta lotsa, ya ci gaba.

"Ta yi maka hidima shekara da shekaru, sallamar kenan?"

Ya tsiyaya mata kananzir da baƙin mai, ya ce a bar ta ta huce. Ya raba furarsa biyu muka sha. Can ya ɗan gasa wurin da wuta, ya murɗa notunan a hankali, ya dogara ƙafa, ya yi bisimilla ya fizga.

Ta fita. Shi ma ya bi ta, da baya, cikin daron baƙin mai, da fararen kayan Juma'arsa.

Daga cikin daron ya ɗaga ta sama yana cewa, "Ta yarda!"

Da rigar mai shayi ya je masallaci, ko gwiwa ba ta kai masa ba.

Wata rana mashin ya mutu mini a hanyar Tsafe, rana ta yi sanyi, ba mai tsayawa. Kira ɗaya na yi ya taho da kansa. Faɗa ya yi mini har gida.

Satin da ya wuce na je duba shi, yana kwance, ya rame. Ya ce in fita ƙofar gida in ba mashin wuta ya ji. Matarsa Inna Hajo ta leƙo, "Wane mara hankali ne wannan, ga mara lafiya?"

Na jiyo muryarsa can ƙasa-ƙasa: "Bar shi ya ƙara."

Na ƙara, ina share hawaye.

Allah Ya jiƙan Baba Haruna, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Inna Hajo haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a. 'Yan kabu-kabun Gusau, ku ne kan gaba.