Fuskar Kaka Liyen a Fim

Wata Asabar ce ta watan Yuli, shekarar da na gama aji huɗu. Muna 'yar gala-gala a filin ajiye motoci na gidajen hayarmu da ke bayan titin Wendover, kwalta na ƙona mana ƙafa ta cikin silifa, sai ga wata farar mota ta shigo cike da kyamarori da wayoyin wuta. Ɗaliban jami'a ne. Suka ce fim za su ɗauka, labarin wani ɗan gudun hijira daga Biyetnam da ke bin ƙasashe yana neman danginsa, kuma suna son mutanen gidan su riƙa giftawa ta baya.

Mu 'yan Damagaram ne, a sama muke. Baba yana lodi a wani sito, Mama tana kitso a falo, ni kuwa aikina tsifa da kai shara, sannan ni ce bakin Mama duk inda Turanci ya taso. A ƙasanmu wata tsohuwa 'yar Biyetnam take ita kaɗai, muna ce mata Kaka Liyen. Ta mai da bayan tagarta lambu, barkono da kabewa da wani ganye mai ƙamshi, ni nake ɗebo mata ruwa a galan ɗin madara. Kowa a gidan ya san labarinta. A jirgin ruwa ta baro ƙasarsu da ɗanta Min, yana ɗan shekara huɗu. A sansanin 'yan gudun hijira zazzaɓi ya kwantar da ita, ko da ta farfaɗo an kwashi wasu yara an tafi da su, har da shi. Wasu suka ce mata Faransa, wasu Kanada. Ta bi ofisoshi har ta tsufa a kan kujerunsu.

Da ta ji abin da ya kawo ɗaliban, sai ta faɗa ɗaki ta fito da wata tsohuwar riga ruwan ƙasa, irin wadda take sawa a sansani, ta raba gashinta a tsakiya kamar yadda take yi da ƙuruciya. Ta ja hannuna zuwa wurin daraktan, wani saurayi da gumi ya jiƙa, ta sa na tambaye shi ko za a nuna fim ɗin a Faransa. Ya ce wataƙila. Ita dai Faransar kawai ta ji.

Aka ba ta kwando aka ce ta wuce ta bayan ɗan wasan, kada ta dubi kyamara. Tana zuwa tsakiya ta tsaya cak, ta kafe kyamarar da ido tana kiran Min. Aka sake, ta maimaita. Aka yi ta sakewa har daraktan ya ce a fitar da ita. Nan ta saki kwandon, ta durƙusa a kan kwaltar nan mai zafi ta riƙe masa wando, tana haɗa Turanci da yarensu tana roƙo. Ban taɓa ganin babba ya durƙusa wa yaro ba. Mama ta sauko da tsinken kitso a hannu, wadda take yi wa kitson na biye da ita da rabin kai a tsefe. Da ma ɗaliban sun roƙi a bar musu matakalarmu saboda atamfofin da ke shanye a kai.

"Saude, faɗa masa," in ji Mama, "in ba ta cikin fim ɗin nan, matakalata ma ba ta ciki. Ɗanta take nema, ba wasa ta zo ba."

Na faɗa masa. Ɗan wasan, wanda iyayensa 'yan Biyetnam ne, ya sunkuya ya ɗaga ta. Suka zaunar da ita a bakin ƙofa, suka bar ta ta dubi kyamara.

Da sanyi ya shigo Baba ya kai mu kallo a wani zaure na jami'ar. Fuskarta ta fito kamar ƙiftawar ido, leɓenta na motsi, amma sun ɗora kiɗa a kan muryar. Sai ta miƙe a cikin mutane ta kira sunan da kanta, da ƙarfi, har Mama ta rungumo ta ta zaunar.

Daga ranar ta daina fita. Ta jawo wayar tarho zuwa gefen kujerarta, lokacin shuka ya zo ya wuce ba ta taɓa ƙasa ba. Kullum na dawo daga lakwal, wato makaranta, tana bakin taga tana tambayata ko Faransa sun gani. Na tambayi Mama abin da zan ce, ta ce in ce ba mu sani ba tukuna, don gaskiyar ke nan. Iya sanina fim ɗin bai taɓa barin jihar ba, kuma ba wanda ya kira. Bayan 'yan shekaru ɓarin jikinta ya shanye, aka kai ta gidan kula da tsofaffi, can ta rasu.

Yau ɗana kan yi dariya in ɗauka a waya, kafin ya rufe baki an gani a Damagaram. Mutane suna aika yawunsu a 'yar kwalba a gano musu dangin da suka ɓata. Da kaɗan ta rasa wannan zamanin. Nakan tuna cewa a wani gari akwai wani mutum da furfura ta fara fito masa, wataƙila yana zaton uwarsa ce ta sake shi. Ba ta sake shi ba, a gabana ta yi ta nemansa.