Littafin Hanyar Baba Hammajo

Ranar wata Juma'a ce a tsakiyar zafin 1996, ina aji shida, wasiƙar ta iso gidanmu a Dar Salam, can bayan Umdurman. Ina tsugune gaban murhu ina taya Inna kwashe kisra, wainar dawa ta mutanen Sudan, daga kasko, sai wani ɗalibi ɗan Najeriya ya yi sallama ya miƙa wa Baba takarda mai gumi. Daga Baba Hammajo take, ƙanen Kakata, wanda aka bari yana ɗan shekara bakwai a wani ƙauye cikin duwatsun Mubi ranar da iyayensu suka kama hanyar Makka da ƙafa. Tafiyar ba ta ƙare ba, a Sudan ta tsaya, a nan aka haifi Baba, aka haife mu. Yanzu tsoho yana son ya biyo sawunsu a mota, ya ga yayarsa, ya wuce bakin teku a Sawakin ya hau jirgin ruwa. Abin da yake roƙo shi ne a rubuta masa hanya. Kaka ta rufe fuska da gefen mayafi.

Ni aka ɗora wa rubutun, don ni ce mai kyan hannu a gidan, kuma ni ce wadda ba ta da wasan da za a katse. Sa'annina suna carafke da 'yar gala-gala a inuwar katanga, ni ina gindin randa da littafi, sai in mai jaki ya kawo ruwa in tashi in riƙe masa tiyo. Ko a makaranta, in malami ya kira sunana muryata maƙalewa take yi. Wata biyu cur, in an tashi daga makaranta sai in bi Baba rumfarsa ta takalma a Kasuwar Libiya, inda direbobin manyan motocin yamma suke shan shayi. Baba ya yi tambaya, ni ina bayansa ina rubutawa. Daga Mubi a gangara Kamaru, a kwana a Marwa, a haye kogi zuwa Injamena, wadda Kaka ba ta taɓa daina kira Fallomi ba. Daga nan Abeshe, Adare, Janaina, Niyala, Ubayyid, sai gidanmu, sannan Atbara, sannan teku. Na rubuta inda ake samun ruwa, da kwarin da ba ya hayuwa in damina ta faɗi, da garin da ke da zangon Hausawa. A tsakiyar littafin na zana taswira da rula.

Abu guda na ƙara da kaina. Na lura direbobi sun fi maganar shingen sojoji fiye da komai, sai na ga bai kamata tsoho ya je bai sani ba. Na sa jan alƙalami na yi wa kowane shinge alama, da kowace gada, har da yawan sojojin da aka ce suna tsayawa. Babu wanda ya duba, don Baba ba ya karatu sosai, ni kuwa ina jin daɗin yadda jan ya fito a kan takarda.

A shekarun nan tsoro ɗaya ne a kowane gida mai saurayi: kasha, wato a tare mota a sauke samari a tafi da su sansanin horo, daga can sai fagen yaƙi a kudu. An ɗauki ɗan maƙwabciyarmu a hanyar sayo gawayi, ba a sake ganinsa ba. Yayana Sadiƙ yana da shekara goma sha bakwai, dogo ne fiye da shekarunsa, kuma katin makaranta kaɗai ke tsakaninsa da su. Inna ta ɗinka masa aljihu a cikin riga don katin. Kullum zai fita sai ta ce, "Taɓa in gani," shi kuma ya buga ƙirji yana dariya.

Da ɗalibin nan zai tafi gida hutu, aka aike mu, ni da Yaya Sadiƙ, mu kai masa littafin a Khartum. Da hantsi muka hau mota. Yaya ya karɓi jakata ya rataya, yana tsokanata wai ta fi ni nauyi. Muna isa bakin gadar kogin Nilu motar ta rage gudu, hira ta mutu. Soja ya leƙo ya ce maza su sauka. Ta taga na ga Yaya ya miƙa katinsa, na ga an duba an gyaɗa kai, har na fara sakin numfashi. Sai wani soja ya zuge jakata da ke rataye a kafaɗar Yaya.

Ya buɗe littafin daidai tsakiya. Ya kira babbansu, wani mai furfura a gashin baki, suka duƙa kan jan alamomin. Babban ya sa katin Yaya a aljihunsa, ya tambaye shi da Larabci wa ya aike shi ƙidayar sojoji. Yaya bai amsa ba. Aka sake tambaya, aka haɗa da mari, bai ko dubi inda nake ba. Suka tura shi ya tsuguna gefen wata babbar mota tare da samarin da aka riga aka ware. Direbanmu ya tada inji.

Ban san yadda na sauka ba. Na tuna dai takalmina ɗaya ya rage a matakalar mota, kwalta tana ƙona mini tafin ƙafa. Na tsaya gaban babban nasu, na ce littafina ne, amma ko ni ban ji muryata ba. Ya ce, "Me kika ce, yarinya?" Na maimaita. Ya dubi rubutun, ya dube ni, ya ce ƙarya nake yi don in ceci ɗan'uwana. Sai na runtse ido na fara karanto hanyar da ka, kamar hadda a gaban allo, tun daga duwatsun Mubi, gari bayan gari, da rijiyoyin da kwaruruwan, ina kuka ina yi. Ya katse ni ya ce, "Shinge nawa daga Janaina zuwa Niyala?" Na san in na faɗa na tabbatar da laifina, in na ƙi kuma laifin ya koma kan Yaya. Na faɗa. Ya ƙirga jan alamomin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana kallona.

"Wa za ki kai wa?" Na ce kakana ne zai je Hajji. Ya naɗe littafin ya cusa a aljihun wando, ya jefa wa Yaya katinsa a ƙasa, ya ce, "Ku ɓace. Ke kuma ki koma zanen furanni." Motarmu ta riga ta tafi. Muna tsaye aka kwashe sauran samarin, wani a cikinsu yana ta roƙon a kai wa uwarsa ledar maganin da ke hannunsa. Da ƙafa muka juya, Yaya ya cire takalminsa ya ba ni, ya taka kwaltar haka nan.

Ba mu faɗa wa Inna marin ba, ita ta ga shatin yatsu. Washegari Kaka ta kira ɗalibin ta zayyana masa hanyar da baki, yadda ta san ta shekara hamsin baya. Baba Hammajo ya iso bayan shekara biyu, ya ce sau uku kawai ya ɓata.

Yanzu 'ya'yana suna shirya tafiyar ƙasa uku a waya kafin shayi ya huce, kuma babu wanda gabansa ke faɗuwa don ya rubuta sunan gada. Gidanmu na Dar Salam yaƙin baya-bayan nan ya watsa shi, Yaya Sadiƙ yana can wata ƙasa da furfurarsa, muna magana duk Juma'a a kan ciwon gwiwa da karatun yara. Kalma ɗaya ce za ta fid da shi a ranar, da ya nuna ni kawai ya ce littafin nawa ne. Har yau ban iya tambayarsa abin da ya sa ya yi shiru ba.