Dutsen Taimamar Kaka

Shekarun baya can, ina zaman zamana a bencin mai shayi a Unguwar Kanawa, yayana ya zo ya jajibo ni cikin rigimar da ba tawa ba. Ni da boko tun sakandare muka raba gari cikin mutunci, amma wai ni zan ceto masa digiri.

Jiyoloji yake karantawa a jami'a, wato ilimin ƙasa da duwatsu. Kowa ya dawo hutu da tsaraba, shi da buhun duwatsu. Akwai wani baƙi mai santsi da ya ɗauko a wani ƙauye da ake haƙar ma'adinai, za a yanka shi a makaranta a ga ko shi ke ɓata musu ruwan rijiya. Aikinsa na gama makaranta ke nan. Sai dutse ya ɓace.

Ashe yana ƙarƙashin filon kakarmu. Lokacin ciwo ya kwantar da ita, an hana ta taɓa ruwa, sai ta mayar da shi na taimama.

Yaya ya ce, "Kai ne mijinta na wasa, je ka lallaɓo min."

Na shiga da wani dutsen da na tsinta a bakin kwata, na wanke shi tas. Na ce, "Amarya, ga sabo na kawo miki, ba ni tsohon."

Ta shafa shi sau ɗaya ta miƙo min. "Mijin banza. Wannan kaushin, fatar hannuna kake so ka ƙarasa?"

Dole yaya ya shigo da kansa, ya durƙusa yana ta bayani da rabin Turanci.

A ƙarshe dai komawa ƙauyen ya yi ya samo wani, har ya kusa makara. Kaka ba ta ga bikin gama makarantarsa ba. Yanzu yana Fatakwal yana auna ƙasa da na'urori, gidan ya yi shiru, ba mai zagina da safe. Wallahi zagin nan nata nake kewa.

Har yau ina jin muryarsu ta ranar, shi da Kaka, a ɗakin nan. Ya ce, "Kaka, ba dutsen wasa ba ne fa, ya yi miliyoyin shekaru a ƙasa kafin in same shi."

Ta rungume abinta ta ce, "To wanda ya yi wannan jiran, ya ƙara ɗan kaɗan mana. Ni ai ba daɗewa zan yi ba."