Randar da Ta Rage a Zauren Kaka

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ya tare ni a bakin zauren kakarmu makon jiya, sai na ji kamar ina ɗan yaro. Za a faɗaɗa titi, zauren zai tafi, ƙanwata kuwa ta aiko in zo mu tono randa.

Zauren yana tsakiyar Daura, gab da kasuwa. Tun kafin a haifi mahaifinmu ake sayar da kunun zaƙi a cikinsa. Randuna uku ne binne a yashi har wuya. Kullum da safe Kaka takan yayyafa wa yashin ruwa, ta turara cikinsu da hayaƙin ƙaiƙayi. Sabulu bai taɓa shiga ba. Takan ce, "Randa mai riƙo ce, abin da ka ba ta shi za ta ba ka." Da bazara, fataken Kongolam da dillalan shanu da malamai sukan cika tabarma ɗaya, kowa da ƙoƙonsa rataye a bango. Ko mutum ya rasu, ba a sauke nasa.

Bayan rasuwar Kaka na kawo firji, na sa diga don in ciro randunan. Biyu suka fashe a hannuna. Ƙanwata ta zauna a kan ta ukun, ta ce, "Yaya, wannan sai dai ka fasa mu tare." Tsofaffi suka ɗanɗana na firji, suka ce sanyi akwai, kunu ne babu. Da randa ɗayar nan ƙanwata ta riƙe zauren duk shekarun nan, ni kuwa kunya ta hana ni zama a ciki.

Shi ya sa makon jiya da leburorin titi suka ɗauko diga na ce su ajiye. Muka jiƙa ƙasar, ni da ita, tsofaffi biyu a durƙushe, muna yakucewa da yatsu. A hankali muka kai gindin randar. Da ta fito, ƙanwata ta ƙwanƙwasa ta da zobe. Ta amsa garau, babu tsagewa.

Yanzu tana binne a zauren gidan ƙanwata, jikarta ke yayyafa ruwan. Matasa sun fi son na kwalba, amma ƙoƙunan sun sami sabon bango. Jiya ƙanwata ta sauko da nawa, ashe ba ta taɓa cire shi daga cikinsu ba. Ta cika, ta miƙo mini.

"Sha, mai diga."