Kabarin da Ke Gonar Alhaji

Shekarar da aka katse layukan waya a yankinmu saboda ɓarayin daji, a cikinta na fara yawon neman labarin mutanen da suka yi Basasar Kano, suka gudo kudancin Katsina suka kama noma. Kakan mahaifina yana cikinsu. Sai in shiga motar haya, in sauka Bakori ko Gozaki, in zauna gaban tsofaffi ina rubutawa da ajami.

Allah Ya yafe mana, ban taɓa jin ƙarya irin ta jikoki ba. Kowa kakansa barde ne. Ba wanda nasa ya ɗauki tulun ruwa ko ya yanko wa doki ciyawa. Har na rasa gane wa ya gudo, tunda duk su suka ci yaƙin.

Gwanin wannan fage wani Alhaji ne, dillalin hatsi a Funtua, tare muka yi karatun allo. Ya rataye takobi a falonsa, wai na kakansa, alhali kuben ko warin jima bai sake shi ba. Shi ya sayi gonar da aka binne kakan mahaifin nawa, a bayan Gozaki. Kabarin ba shi da alama sai fasasshen tulu da 'yan duwatsu. Masu garmar shanu sun san shi, suna kewaye shi. Alhaji kuwa tarakta ya ɗauko haya.

Ranar da za a yi huɗa na same shi a bakin gonar.

Ya ce, "Malam, an zo gaida ƙasusuwa?"

"Na zo a bar wa mamaci makwancinsa, Alhaji."

"Dakare ne fa, mai kwari da baka. Da barde ne irin nawa, da ɗaki zan gina masa."

"Naka ina yake kwance?"

Ya gyara hula. "Can wajen Kano."

"To, Allah Ya kai rahama can wajen."

Ya tsuke fuska, ya ɗaga wa direba hannu ya tayar da inji.

Akwai abin da ban so tonawa ba, don abin da aka yi saboda Allah ba a neman ladarsa wurin mutum. Lokacin da mahaifinsa ya rasu, Alhaji yana Kudu wurin ciniki. Ni na yi wa tsohon wanka, ni na sa shi a kabari. Da ya dawo ya riƙe hannuna yana kuka, ya ce in roƙi duk abin da nake so.

Na ce, "Alhaji, ni na rufe naka uban. Ka ce in roƙa. Yau na roƙa."

Ya daɗe yana duban duwatsun, na san kunyoyin masarar da zai rasa yake hange. Can ya daka wa direban tsawa, "Kai, kewaye wurin nan!"

Ya juyo. "Shi ke nan, ba ka bina komai."

"Ba na binka, Alhaji."

Na tsuguna gefen kabarin na fara Ƙulhuwallahu, ƙarar injin tana nisa.