Ramin ƙarshe da Stamatiya ta kewaye

Sun ƙyanƙyashe, Stamatiya! Da asubahin yau 'ya'yan kunkurun teku suka fito daga ramin ƙarshe da kika kewaye da kara, ke kuwa ba kya nan. Ran tara ga Agusta kika rasu a gidanki na bakin teku, bayan gajeriyar jinya.

Ke ce uwar matar ɗana, amma kafin mu haɗa jika faɗa muka haɗa. Gidan abincina yana kallon yashin da kunkuru ke zuwa yin ƙwai, ni kuma mai son fitila ne. Wata safiya kika shigo da 'ya'yansu cikin gyale, sun bushe a ƙarƙashin teburana. Ƙyallin teku suke bi in sun fito, sai hasken fitiluna ya ja su.

Kika ce, "Suruki, kifin naka ba ya ciyuwa ne sai an haska shi kamar ango?"

Na ce, "Baƙina ba mujiyoyi ba ne, suruka."

"Ba su kyandir. Wa ka taɓa ji ya ɓata hanyar bakinsa?"

Haka kika bi mu gida-gida, har kashe fitilun bakin ruwa ya zama al'adar garinmu. Ke kika tura ni makarantar yamma da furfurata, wai kin gaji da rubuta mini allon gargaɗi.

Da aka binne ki, Lefteris mai gidan giya ya sake kunna fitilunsa, daf da ramin nan. Na yi magana, muryata ba taki ba ce. Shekaranjiya, a addu'ar arba'in ɗinki, ya zo ya ci dafaffiyar alkamar sadakarki. Da yamma na hango shi kan tsani yana kwance ƙwayayen fitila.

Yau na tsaya riƙe da jikarmu, takwararki, ina dariya ina hawaye. Wani ɗan kunkuru ya makara, na miƙa hannu zan ɗauke shi, sai na tuna faɗanki: "Bar shi ya taka da ƙafarsa, da haka zai gane gida." Na juya in gaya miki ya kai ruwa.

Ubangiji ya jiƙanki, ya sa ƙasa ta yi miki sauƙi. Ya ba mijinki Yerasimos da 'yarki Froso haƙuri, da mu duka.

Jama'a, akwai sauran ƙwai a ramin. Ku zo gobe da asuba ku ga sawunsu kafin iska ta share. Kada kowa ya zo da tocila.